Hans Berger: Likitan da ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam

Duk majinyacin da aka manna wa wayoyi a fatar kai domin gwajin farfaɗiya, a Kano ko a wani wuri, aikin wani likitan Jamus mai suna Hans Berger yake cin gajiyarsa.

An haife shi ranar 21 ga Mayu, 1873, kusa da garin Kobug. Yana saurayi ya shiga rundunar sojan doki. Wata rana doki ya kayar da shi a gaban karusar igwa, ya tsallake rijiya da baya. A ranar nan hankalin 'yar'uwarsa da ke nesa ya tashi, ta sa mahaifinsu ya aiko da wayar tangaraho don jin lafiyarsa. Abin ya tsaya wa Berger a rai, har ya ƙudurta gano yadda tunani ke da alaƙa da jiki.

Ya kammala karatun likita a Jami'ar Yena a 1897, ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na jami'ar, ya zama shugabansa a 1919. Ranar 6 ga Yuli, 1924, ya yi nasarar ɗaukar siginar lantarki daga ƙwaƙwalwar wani matashi ɗan shekara 17. Saboda kokwanto, sai a 1929 ya buga sakamakon. Ya nuna cewa idan mutum ya rufe ido ya natsu, ƙwaƙwalwarsa na fitar da wani kaɗawa kusan sau 10 a daƙiƙa, wanda ke gushewa da zarar ya buɗe ido. Masana ba su gaskata shi ba sai a 1934, da Edgar Adrian da Bryan Matthews suka tabbatar da binciken a Kambirij ta Ingila.

Tarihinsa yana da tabo. A zamanin Hitila ya zauna a kotun da ke duba ƙararrakin hana marasa lafiya haihuwa da ƙarfi, ƙarƙashin dokar 1933 wadda ta haɗa da masu farfaɗiya da masu sikizofireniya, wato taɓin hankalin da ke sa mutum jin muryoyin da babu su da zargin ana farautarsa. Ya yi ritaya a 1938, baƙin ciki ya rufe shi, ya kashe kansa ranar 1 ga Yuni, 1941.

Gwajin nasa, wanda ake kira EEG, ya zama ginshiƙi wajen gano farfaɗiya da nazarin barci. Amma sikizofireniya, wadda ke damun mutum fiye da miliyan 20 a duniya, har yau ba ta da gwajin da ke tabbatar da ita. Masu bincike kan ga bambanci idan suka kwatanta gungun marasa lafiya da na masu lafiya, sai dai bambancin bai isa a yanke wa mutum ɗaya hukunci ba. Shi ya sa likita a asibitin Dawanau, kamar takwaransa na Jamus, yake dogara ga sauraron majinyaci da danginsa kafin ya rubuta magani.