Malam Abdullahi na Gwandu, Ƙanen Shehu

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo shi ne ya ja rundunar da ta ci Birnin Kebbi cikin shekara ta 1805. Amma murna ba ta daɗe ba, gama a shekarar nan aka yi yaƙin Alwasa, inda jama'a da yawa suka yi shahada, bayan waɗanda aka rasa a Tsuntsuwa. Rashin abokan nan ya dame shi ƙwarai. Ya dubi waɗanda suka saura, ya ga son dukiya da sarauta ya fara shiga zukatansu, sai ya bar rundunar, ya nufi Makka.

A Kano mutane suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya kamata kowane alƙali da ɗan majalisa ya sani. Sa'an nan ya komo. Waƙoƙinsa na makoki suna cikin Tazyinul Waraƙati.

Da Shehu ya rasu a 1817 aka naɗa ɗansa Bello, Malam ya ji ciwon abin. A Kalambaina suka sadu, ya yi wa ɗan wansa mubaya'a. Ya rasu a Gwandu cikin 1829. Allah ya jiƙansa, amin.