Akinola Lasekan: Mai zanen da ya yaƙi mulkin mallaka da alƙalami

An haifi Akinola Lasekan a ƙasar Owo, cikin Jihar Ondo ta yanzu, a shekarar 1916. Ya zo Legas yana matashi, inda ya yi aikin zana hotunan littattafai. A 1944 ya fara zanen barkwanci a jaridar West African Pilot ta Dokta Nnamdi Azikiwe, yana sa hannu da laƙabin Lash. Zane-zanensa sun yi ta caccakar Turawan mulkin mallaka, ta yadda ko wanda bai yi boko ba yakan gane saƙon. Shi ake ɗauka majagaban wannan sana'a a jaridun Nijeriya. Daga baya ya koyar a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. Ya rasu a 1972.