Muhammadu Bello

Muhammadu Bello (1781-1837) ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, ya zama Sarkin Musulmi a shekarar 1817. Da yawa daga sarakunan da jihadi ya naɗa malamai ne da ba su gaji sarauta ba, saboda haka sukan aiko masa da tambayoyi kan mulki, ya amsa musu a rubuce. Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya rubuta wa Usul al-Siyasa, littafi mai ƙa'idoji bakwai na shugabanci, ciki har da kusantar malamai da raya sana'o'i. Wazirinsa Giɗaɗo ke kula da wasiƙun masarautun gabas.

Bello ya kafa ribaɗin Wurno, can ya rasu, can kuma kabarinsa yake.