Sardauna, filin kurket da darasin tanadin mutane

A watan Janairun 2025, 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand da maki 2 kacal a gasar cin kofin duniya ta wasan kurket da aka yi a Malesiya. Labarin bai yi wani tasiri a Arewa ba, domin a wajen yawancinmu kurket wasan Indiyawa ne da Turawa. Amma duk wanda ya san tarihin Kwalejin Katsina ya san cewa kakanninmu 'yan boko na farko sun riƙe sandar wannan wasa tun kusan shekara ɗari da suka wuce, kuma cikinsu har da Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Ina so mai karatu ya biyo ni mu sake duban rayuwar wannan bawan Allah ta wannan kafa da ba a cika leƙawa ba.

Kafin nan, ga yadda wasan yake a taƙaice. Kowane ɓangare na shiga fili da mutum 11, amma a gasar duniya ƙasa kan tafi da mutum 15. Cikinsu akwai gwanayen jifa, da gwanayen dukan ƙwallo, da mai tsaron bayan turaku. Idan ɓangare ya zo yin duka, mutum biyu ne ke shiga, in aka fitar da ɗaya wani ya maye gurbinsa, har sai an fitar da goma ko adadin jifa ya cika. Ke nan ranar da gwanaye suka faɗi da wuri, mutuncin ƙasa yakan koma hannun na takwas da na tara. Shi ya sa masu zaɓen 'yan wasa suka fi shan wahala a kan sunayen ƙarshen takarda. Samarinmu sun ɗanɗana wannan a gasar 'yan ƙasa da shekara 19 ta 2020 a Afirka ta Kudu, inda Ostireliya ta fitar da su gaba ɗaya suna da maki 61.

An haifi Ahmadu a Rabah a 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin garin, kuma jika ne ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. Ya rasa mahaifin yana ɗan shekara shida. Bayan karatun allo da makarantar lardi ta Sakkwato, ya shiga Kwalejin Katsina a 1926, ya fito a 1931. A wannan makaranta wasanni na cikin tarbiyya, ana buga kurket, ana kuma buga ƙwallon bango, wasan nan da ake yi da tafin hannu wanda asalinsa makarantar Eton ce ta Ingila. A ƙwallon bango ne Ahmadu ya fi shahara, har ya zama kyaftin, kuma bai bar wasan ba ko da ya zama Firimiya. Abin lura a nan shi ne yaran da suka haɗu a waɗannan filaye. Ɗan Bauchi da ɗan Bida da ɗan Barno da Basakkwace, waɗanda da ba domin makarantar ba da wuya su san juna, sun yi shekaru suna auna ƙarfi da haƙuri da halin junansu. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shigo a 1928 ya tarar da shi a can.

Daga Katsina ya koma gida ya koyar a makarantar midil ta Sakkwato, sannan a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. A 1938 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu, Ahmadu na cikin masu neman gadon, amma masu zaɓe suka ɗauki Abubakar na uku. Shi kuma aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato. A wancan zamani ƙasar Zamfara, har da Anka da Gummi da Bukkuyum, tana ƙarƙashin En'e ta Sakkwato ne. A Gusau ya gamu da babbar jarrabawarsa ta farko. A 1943 an tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, aka wanke shi. Mutumin da aka tsallake wajen zaɓe, aka kuma nemi a fitar da shi daga fili dungurungum, ya san zafin zaman jiran gurbi. Ni a ganina shekarun Gusau ne suka koya masa darajar mutumin da ba a sa shi a sahun gaba ba.

A 1949 ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa, a 1954 ya zama shugaban jam'iyyar NPC kuma Firimiyan Jihar Arewa. A nan ne aikinsa na mai zaɓen tawaga ya fito fili. Da aka zo batun Firaministan tarayya a 1957, shi da yake shugaban jam'iyya ya zauna Kaduna, mataimakinsa Abubakar ya riƙe Ikko, tare da irin su Muhammadu Ribaɗu da Inuwa Wada, daga baya kuma matasa kamar Shehu Shagari da Maitama Sule. A Kaduna ya ba Makaman Bida Aliyu kuɗi, Isa Kaita ya riƙe ilimi, Kashim Ibrahim na Barno ya zama Gwamna a 1962. Bai tsaya ga Hausa-Fulani Musulmi ba, domin Michael Audu Buba na Shendam minista ne, Sunday Awoniyi na ƙasar Kabba kuma ya yi aiki kusa da shi ƙwarai. Da Ribaɗu ya rasu a 1965, Inuwa Wada ya karɓi ma'aikatar tsaro ba tare da an sha wahalar neman mutum ba.

Sai dai abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne waɗanda za su zo bayan waɗannan. Lokacin da ya karɓi mulki, manyan kujerun aikin gwamnati a Arewa na hannun Turawa, na tsakiya kuma galibi na hannun 'yan Kudu. Manufarsa ta mayar da ayyuka hannun 'yan Arewa ta jawo masa suka mai yawa, kuma wasu daga cikin masu sukar na da hujja, tun da an raba mutane da dama da ayyukansu. Amma bai tsaya ga kora ba. An buɗe kwasa-kwasan gaggawa na mulki da shari'a a Makarantar Koyon Mulki ta Zariya, an tura ɗalibai ƙasashen waje, manyan gwamnati sun bi makarantun sakandare suna kwaɗaitar da yara shiga soja, sannan a watan Oktoban 1962 aka buɗe jami'ar da ke ɗauke da sunansa. Da ma Hausawa sun ce da sauran kuka ake miya, shi kuwa sai da ya dasa itacen.

Ranar 15 ga Janairun 1966 aka gwada wannan tanadi gwaji mafi muni. A dare ɗaya aka kashe shi a gidansa na Kaduna tare da uwargidansa Hafsatu, aka kashe Tafawa Ɓalewa, aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar-Kanar Abogo Largema da Laftanar-Kanar Yakubu Pam. Sahun gaba ya tafi kusan baki ɗaya. Duk da haka gwamnatin Arewa ba ta rushe ba. Ali Aƙilu da sauran manyan ma'aikatan da aka raina a shekaru goman da suka gabata sun riƙe ofisoshi ƙarƙashin Hassan Usman Katsina, kuma su da tsararsu ne suka kafa ayyukan jihohi shida da aka ƙirƙiro a Arewa a 1967.

Gaskiya kuma ba ta cika sai an faɗi inda zaɓen nasa ya gaza. Takardarsa ta fi cika da 'ya'yan sarauta da tsofaffin ɗaliban makaranta ɗaya. Haziƙan da suka bi NEPU ta Malam Aminu Kano sun sha ɗauri da tsangwama a hannun En'e maimakon a ci moriyarsu. Mata kuwa ko ƙuri'a ba su samu ba a zamaninsa. Garuruwan da ke nesa da layin dogo, irin na yammacin Zamfara, rabonsu a wannan tanadi bai taka kara ya karya ba.

Wannan gibi ne ya kamata ya hana mu barci, mu da muka ci gajiyar makarantun da ya bari. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. A shekarun da suka biyo baya ta'addancin 'yan bindiga ya tayar da ƙauyuka, ya rufe makarantu da dama a yankin. Yaron da ke jifar tsuntsu a fadamar Gummi bai kuskure, wa ya san irin ɗan wasa ko likita ko injiniyan da zai zama in da akwai mai zuwa nemansa? Mu kuwa a taronmu gardamar ba ta wuce wa za a ba minista, wa za a ba kwamishina, kullum sunaye goma sha ɗayan nan ake juyawa.

Ga shugaban asibiti ko na sashe a jami'a ko na kamfani da ke karanta wannan shafi, ma'aunin da rayuwar Sardauna ta bar mana mai sauƙi ne. In yau aka wayi gari babu kai babu mataimakinka, mutum nawa ka horar da za su iya riƙe wurin, kuma daga waɗanne garuruwa ka ɗauko su? Allah ya jiƙan Gamji ɗan Ƙwarai, ya kyautata namu ƙarshen.