Sydney Ringer: Likitan da ya bayyana kuskurensa a kan ruwan famfo

Duk wanda ya taɓa jinyar mai amai da gudawa a asibiti, da wuya bai ga ledar ƙarin ruwa mai ɗauke da sunan Ringer ba. Mai sunan, Sydney Ringer, likita ne da aka haifa a garin Norwich na Ingila a 1835. 'Yan'uwansa biyu fatauci suka bi har Shanghai da Nagasaki, shi kuwa ya karanci likitanci a Kwalejin Jami'a ta Landan, ya kammala a 1860, ya kuma yi aikinsa a asibitinta.

Duba marasa lafiya ne sana'arsa, bincike kuwa a ɗan lokacin da ya rage masa yake yi. Yakan cire zuciyar kwaɗo ya riƙa zuba mata ruwan gishiri, domin ya gano abin da ke sa ta ci gaba da bugawa. A 1882 ya wallafa sakamakon da ya samu. Daga baya sai ya gano cewa ba da tataccen ruwa aka haɗa ruwan gishirin ba, ruwan famfo na kamfanin New River aka yi amfani da shi. An ruwaito cewa mataimakinsa ne ya yi hakan don sauƙaƙa wa kansa aiki.

Wani zai iya yin shiru, tunda takarda ta riga ta fita kuma mutunci na kan gaba. Ringer ya sake gwajin da tataccen ruwa, zuciyar ta raunana ta tsaya ba da jimawa ba. Ya bincika ruwan famfon, ya tarar da sinadarin kalsiyam a ciki. A 1883 ya bayyana kuskuren a rubuce, ya nuna cewa zuciya ba ta iya matsewa sai da kalsiyam, kuma sai an haɗa da ɗan fotasiyam kafin ta riƙa saki yadda ya kamata bayan kowane bugu.

Ya rasu a ƙauyen Lastingham ranar 14 ga Oktoba, 1910. A shekarun 1930 wani likitan yara a Amurka, Alexis Hartmann, ya ƙara sinadarin laktet a haɗin nasa, aka samu ruwan da asibitoci ke ɗaura wa majinyata a yau.

Sai a shekarar 2000 masana suka bayyana wani rukunin furotin mai suna KChIP, wanda ke kama kalsiyam, yana kuma daidaita ƙofofin da fotasiyam ke fita daga ƙwayoyin jiki. Ɗaya daga cikinsu, wanda ƙwayar gado KCNIP2 ke samarwa, a tsokar zuciyar ɗan'adam yake aiki.