Stephen Babcock: Masanin da ya bar wa saniya hukunci

A ƙarshen ƙarni na 19, masana'antun man shanu a Amurka suna sayen madara ne bisa nauyinta. Manomin da ya yi algus da ruwa yakan samu kuɗi daidai da mai gaskiya, wani lokaci ma ya fi shi. Stephen Moulton Babcock ne ya kawo ƙarshen wannan zalunci.

An haife shi a jihar New York a 1843. Ya sami digirin digirgir a ilimin sinadarai a Jami'ar Göttingen ta Jamus a 1879, ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta jiharsa, sannan ya koma Jami'ar Wisconsin. A can ne, a 1890, ya fito da hanyar auna maiƙon madara cikin 'yan mintuna: a zuba mata asid irin na ruwan batir, a juya kwalbar da sauri a na'ura, maiƙon ya taso a karanta yawansa. Daga nan aka fara biyan manomi gwargwadon ingancin madararsa. Babcock ya ƙi yin rajistar mallakar wannan fasaha, ya bar ta kyauta ga kowa, alhali da ta azurta shi.

Sai dai akwai tambayar da ta daɗe tana damunsa. Masanan zamaninsa sun yi imani cewa muddin lissafin furotin da maiƙo da sitaci ya cika, kowane abinci ɗaya ne a cikin saniya. Shi kuwa ya lura cewa awon da suke taƙama da shi da ƙyar yake bambance abincin saniya da kashinta. Ya nemi a ciyar da shanu da amfanin shuka ɗaya tak a gani, amma manyansa suka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru.

Sai a 1907 aka fara gwajin sosai a ƙarƙashin Edwin Hart. Aka raba karsana 16 gida huɗu: na masara, na alkama, na hatsin ot, da na gaurayensu, dukkansu da lissafi iri ɗaya a takarda. Na masara suka yi ƙiba, suka haifi lafiyayyun maruƙa. Na alkama suka rame, maruƙansu suka zo a mace ko a raunane. Rahoton 1911 ya nuna cewa akwai wani abu a abinci da awo bai gano ba tukuna.

Elmer McCollum, ɗaya daga cikin masu aikin, ya ci gaba da bincike a kan ɓeraye tare da Marguerite Davis. A 1913 suka gano abin da daga baya aka sa wa suna bitamin A, a cikin man shanu da ƙwanduwar ƙwai.

Babcock ya rasu a birnin Madison a watan Yulin 1931, yana da shekara 87.