Alvan Ikoku, Malamin da Ke Kan Naira Goma

An haifi Alvan Ikoku a Arochukwu a 1900. Ya yi karatu a makarantar Hope Waddell ta Kalaba, ya fara koyarwa a 1920. Yana cikin aikin malanta ya samu digirin falsafa na Jami'ar Landan a 1928.

A farkon shekarun 1930 ya kafa makarantar Aggrey a mahaifarsa, ya sanya kafinta cikin darussa domin yaro mai basirar hannu shi ma ya gano baiwarsa.

Ya shugabanci ƙungiyar malaman Najeriya daga 1955. A 1962 ya nemi a ba kowane yaro ilimin firamare kyauta. Ya rasu a 1971. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin a 1976.